Ɗaga Kai Ka Ga Abokin Gaba: Star Wars: Squadrons a Cikin Gilashin VR

Ni dai har yau ban ga wasan da ya cancanci mutum ya ɗaura gilashin VR a fuskarsa dominsa ba kamar yaƙin sararin samaniya. An yi na dambe, an yi na sara da takobi, an yi na hawan dutse, kowanne da irin daɗinsa. Amma idan ana maganar wanda ya dace da na'urar nan kamar don shi aka ƙera ta, to a ba ni kujera, a ba ni sandar tuƙi, a rufe mini murfin jirgi, a sake ni cikin duhun taurari. A cikin duk waɗanda suka gwada wannan fanni kuwa, Star Wars: Squadrons ne ya ciri tuta, kuma duk mai gardama ya zo mu zauna.

Kamfanin Motive da ke birnin Montreal na Kanada ne ya yi shi, EA ta fitar da shi ranar 2 ga Oktoba, 2020, a kan dala 40, lokacin da manyan wasanni ke dala 60. Ba a cika masa baki ba. An gabatar da shi a matsayin ƙaramin wasa, babu sayar da kwalliya da kuɗin gaske a ciki, babu alkawarin za a yi ta ƙara masa abubuwa shekara da shekaru. Abin da ya sa na miƙe tsaye shi ne ɗan bayanin da ke gefe: tun daga farkonsa har ƙarshensa, da labarin da wasan intanet, duka ana iya yin su da gilashin VR, a kwamfuta ko a PlayStation 4. Kafin nan abin da aka saba ba mu ɗanɗano ne. A 2016 an ba masu PlayStation VR aikin X-wing guda ɗaya tak a cikin wasan Star Wars Battlefront, minti ashirin ka gama ka zauna kana lasar baki. Ace Combat 7 ya zo a 2019 da ayyuka 3 na VR. Squadrons kuwa tukunyar ya sauke gaba ɗaya.

Bari in faɗa maka yadda zaman yake. Kana ɗaura gilashin, ɗakinka ya ɓace. Ga ka a zaune cikin X-wing, wuri matsattse, ƙarfe tako'ina. Ka sunkuyar da kai, ga gwiwoyin matuƙi cikin kayan aiki daidai inda naka suke, ga hannunsa riƙe da sanda. A gabanka allon rada ne mai ɗige-ɗige, gefensa layuka uku masu launin shuɗi da ja da kore, gefe guda kuma zanen jirgin da zoben garkuwarsa. Fentin ya koɗe a gefen maɓallai, alamar hannu ya daɗe yana taɓa su. Ka waiga dama, ga fiffike ya miƙe, bindiga a ƙarshensa. Ka waiga hagu, ga ɗan'uwansa. Sai rediyo ya yi magana, jirgin ya zame ya fita daga cikin uwar jirgi, haske ya sauya a kan hannunka. Can gaba wani abu fari mai siffar kan mashi ya tare rabin sama. Star Destroyer ke nan, tsawonsa mita 1,600. A talabijin wannan adadi magana ce kawai. A gilashi kuwa, idanunka biyu ne suke auna shi, kowanne da hotonsa, kamar yadda suke auna duk wani abu na zahiri, sai ka ji cikinka ya ɗuri ruwa. Kana bin gefensa kana tafiya, kana tafiya, bai ƙare ba. Kai jama'a! Gani ya kori ji.

Amma girman abubuwa ba shi ne ya kama ni ba, domin ido yana sabawa. Abin da ba ya tsufa shi ne aikin da wuyanka ya samu. A duk wasannin jirgin yaƙi da aka yi a allo, da zarar abokin gaba ya wuce ka ya ɓace, sai wata 'yar kibiya ta fito a gefen allo tana nuna maka inda ya bi. Kibiyar kake bi, ba jirgin ba. Ka yi ta juyawa kana jiran ya sake shigowa cikin murabba'in da ke gabanka. A gilashi babu wannan wahala. Jirgin TIE na abokan gaba ya gifta ta samanka da wannan ƙara tasa mai tayar da tsikar jiki, sai ka ɗaga kai kawai. Ga shi nan ta gilashin murfi, ka ga ya karkata hagu, ka ga zai zagaya bayan wani dutse, ka san inda zai ɓullo. Idonka na kansa, hannunka na jan sanda, hancin jirgi na biyo kallonka a hankali har su haɗu. Idan suka haɗu kuwa, wallahi babu abin da ya kai wannan daɗi a duk wasannin da na sani. Matuƙan jiragen yaƙi na gaske tun Yaƙin Duniya na Ɗaya abin da ake koya musu ke nan: kada ka ɗauke ido daga kan abokin karawarka, kuma ka yawaita duba bayanka. George Lucas ma da yake haɗa fim ɗin farko na 1977, hotunan fafatawar jirage na Yaƙin Duniya na Biyu ya yanyanka ya jera, ya ba masu aikinsa su bi. Ashe tun asali yaƙin Star Wars na matuƙi ne mai waige-waige, allo ne ya daɗe yana ɗaure mana wuya.

Sai kuma waɗancan layuka uku. Su ne zuciyar wasan. Wutar jirgin ƙayyadaddiya ce, kai za ka raba ta tsakanin inji da bindiga da garkuwa. Ka tura ta duka ga inji, ka yi gudu kuma ka tara ƙarfin zabura. Ka tura ga bindiga, harbinka ya yi zafi ya daɗe bai ƙare ba. Ka tura ga garkuwa, ta cika har ta ninka. Ita garkuwar ma kana iya tattara ta gaba idan za ka afka wa babban jirgi, ko ka mayar da ita baya idan an biyo ka. Ga totur kuma: jirgi ya fi lanƙwasa idan yana tsakiya, don haka mai danna shi har ƙarshe kullum shi ake fara kakkaɓowa. Duk wannan cikin daƙiƙa biyu ko uku kake yanke shi. Ka taho da inji cike, ka hango shi, ka juya wuta ga bindiga, ka rage totur, ka sakar masa, ƙararrawa ta yi kuka cewa makami mai linzami ya kama ka, ka mayar da garkuwa baya, ka zabura, ka yanke inji jirgin ya yi sulu yana juyawa a kan hancinsa, ka fuskanci wanda ya biyo ka yana tsammanin ya gama da kai. Ranar da wannan juyi ya fara fita daidai a hannunka, sai ka yi ihu ko da tsakar dare ne.

Motive sun yi wani abu da ya sa nake cire musu hula. Duk bayanin da kake buƙata yana jikin allunan jirgin. Akwai zaɓin da zai share duk wani rubutu da alama da ke yawo a gaban ido, ya bar ka da na'urorin kawai. A talabijin wannan zaɓi na masu neman wahala ne. A gilashi shi ne asalin wasan. Ka saci kallon rada, ka mayar da ido waje, ka saci kallon garkuwa, ka mayar. Ba da daɗewa ba za ka ga ka san mazaunin nan kamar yadda direban haya ya san motarsa, ba sai ya duba ba hannunsa ya je inda ya dace.

Da jirage 8 ya fito, huɗu a kowane ɓangare, sannan a Disamba 2020 aka ƙara B-wing da TIE Defender kyauta, bayan an ce ba za a ƙara komai ba. Ni A-wing ne masoyina. Murfinsa kamar ƙwai, gilashi tako'ina, kana ganin sama da gefe ba abin da ya tare ka, ga gudu, ga rauni, harbi kaɗan ya tarwatse. Y-wing kuwa jibgege ne mai nauyin jiki, sai ka ji kamar kana tura shi da ƙirji, amma idan ya isa kan babban jirgi ya zazzage bama-bamansa, kowa sai ya san ya zo. Ka koma ɗaya ɓangaren, wato Daula, ka shiga TIE, sai ka gane wani abu da fim bai taɓa nuna maka ba. Taga ɗaya ce zagayayya a gaba, sauran duk bango. Ka waiga, duhu. Ka ɗaga kai, ƙarfe. Yawancinsu ko garkuwa ba su da ita, sai dai dabarar kwashe wutar inji a zuba wa bindiga nan take, ko a yi akasin haka. Zama cikin wannan gwangwani ya fi duk wani jawabi bayyana yadda Daular ta ɗauki ran matuƙanta. Wasu suna ƙorafin cewa an tauye mai gilashi idan yana ɓangaren Daula. Gaskiya ne, kuma ni hakan ya burge ni.

Babban fagen shi ne Fleet Battles, mutum 5 da mutum 5. Ana farawa da karo a tsakiya. Ɓangaren da ya rinjaya ya matsa gaba ya afka wa matsakaitan jirage biyu na abokan gaba, idan ya nutsar da su sai uwar jirgin, Star Destroyer ko MC75. Ita ma ba a rufe ta da duka haka kawai. Akwai injinan garkuwa, akwai na'urar saiti, akwai cibiyar wuta, kowanne ka lalata akwai abin da zai ragu. Idan ƙarfinku ya faɗi sai ruwa ya juya, ku koma tsaron gida. Ka kwanta a jikin Star Destroyer, kana bin saman ƙarfensa ƙasa-ƙasa yadda bindigoginsa za su sha wahalar samunka, hasumiyarsa na tasowa a gabanka kamar tsauni, korayen harsasai na wucewa ta gefen kunnenka, abokinka na ihu a rediyo cewa ya jefo maka kayan gyara. A tashar Nadiri kana kutsawa ta tsakanin ƙarafan gini, a Yavin kana ninƙaya cikin jan gajimare, a Sissubo kana kauce wa gawarwakin jirage. Abin ba a cewa komai.

Labarin fa? Yana nan, ba laifi. Bayan faɗuwar Sarkin Daula ne a Endor. Kana buga ɓangarorin biyu, rundunar Vanguard da rundunar Titan, ana ja-in-ja a kan wani sabon jirgi mai suna Starhawk, kuma a ƙarƙashi akwai tsohuwar gaba tsakanin Lindon Javes da ya sauya sheƙa da ɗalibarsa Terisa Kerrill da ba ta yafe masa ba. Sanannun matuƙan Star Wars, Wedge Antilles da Hera Syndulla, sun leƙo. Tsakanin aiki da aiki kana tsaye wuri ɗaya kamar an dasa ka, mutane na zuwa suna yi maka dogon bayani, kai ko uffan. Wannan ɓangare ya yi sanyi, ban musa ba. Sai dai ko a nan ɗin, juyawa ka kalli X-wing a ajiye a gabanka da cikakken girmansa, makanikai na kai da kawo a ƙarƙashinsa, ya biya kuɗin tsayuwar.

Na san tambayar da ke bakinka: jiri fa? Ai shi ne ya kori mutane da yawa daga VR. Dalilinsa sananne ne. Ido yana gaya wa ƙwaƙwalwa kana tafiya, na'urar daidaito da ke can cikin kunne tana cewa kana zaune, su biyun suka saɓa sai zuciya ta tashi. Wasannin da ake tafiya da ƙafa sun fi fama da wannan, shi ya sa suke ta dabaru, ko a riƙa cilla ka daga wuri zuwa wuri, ko a duhunta gefen ido. Wasan jirgi kuwa ya zo da rabin maganinsa. A wasan kana zaune, a ɗakinka ma kana zaune. Ga mazaunin matuƙi kewaye da kai ba ya motsi, ido ya samu abin riƙewa. A sararin samaniya kuma babu ƙasa babu sama, babu layin da zai ce maka ka kife. Ban ce ba a jin komai ba. Wanda ya fara ranar farko da wulwula jirgi zai sha mamaki. A fara da kaɗan, da an ji ɗumi a goshi a cire, a kunna fanka tana bugun fuska, wadda dama a zafin garuruwanmu ba sai an ba ka shawara ba, domin gumi na haɗuwa da madubin sai hazo. Jiki yana sabawa, kuma ya fi saurin sabawa a nan.

Abin da ke ƙara mini son wasan nan shi ne na san daga inda ya fito. Wannan fanni ya taɓa zama sarki. A 1984 David Braben da Ian Bell, suna ɗalibai a Cambridge, suka cusa gungun taurari 8, kowanne da duniyoyi 256, cikin kwamfutar BBC Micro, suka kira shi Elite. Jiragen zane ne na layi-layi kawai. A 1990 Chris Roberts ya zo da Wing Commander, wanda kashi na ukunsa a 1994 har Mark Hamill ya fito a ciki. LucasArts ta fitar da X-Wing a 1993 da TIE Fighter a 1994, kuma daga wurinsu Squadrons ya gaji rabon wutar nan tsakanin inji da bindiga da garkuwa. Sai FreeSpace 2 a 1999, wanda masu sharhi suka yaba har ba iyaka, kasuwa kuma ta juya masa baya. Daga nan manyan kamfanoni suka tattara nasu ya nasu. Mutane sun koma wasan harbi da ƙafa, sandunan tuƙi suka koma ƙarƙashin gado suna shan ƙura fiye da shekara goma.

Shekarar 2012 ce ta tayar da matattu, kuma abin sha'awa, tare suka tashi da VR. A shekarar Palmer Luckey ya nemi gudummawa a Kickstarter don gilashin Oculus Rift ya tara kusan dala miliyan 2.4, a shekarar Roberts ya buɗe asusun Star Citizen, a ƙarshenta Braben ya buɗe na Elite Dangerous. Facebook ta sayi Oculus a 2014 kan kusan dala biliyan 2. Da Rift ya shiga kasuwa a Maris 2016 kan dala 599, wane wasa aka haɗa wa waɗanda suka yi odar farko? EVE: Valkyrie, wasan yaƙin sararin samaniya na kamfanin CCP na ƙasar Iceland. Masu na'urar da kansu sun san inda ƙarfinta yake.

Allah ya jiƙan Valkyrie. Har yau ban ga wasan da ya iya fitar da jirgi kamarsa ba: kana cikin dogon bututu, fitilu su kunnu ɗaya bayan ɗaya, a ƙirga, a harba ka waje kamar harsashi. Shi ne kuma ya kawo dabarar da nake ganin ita ce gobe, wato ka kalli abokin gaba, makaminka mai linzami ya kama shi da kallon nan. Jirgi na tafiya gabas, kai kana kallon arewa kana saiti. Wannan ma ba ƙirƙira ba ce, matuƙan MiG-29 suna da saiti a jikin kwalkwali tun shekarun 1980, kuma kwalkwalin F-35 na yau har ta ƙasan jirgi yake nuna wa matuƙi. Amma masu gilashi a lokacin ba su da yawa. A 2017 CCP ta buɗe wasan ga marasa gilashi, a ƙarshen shekarar ta janye daga harkar VR, a 2022 aka kashe sabobinsa. Ya riga lokacinsa ne kawai.

Elite Dangerous kuwa yana nan da ransa tun Disamba 2014, kuma idan Squadrons ne gwanin faɗa, shi ne gwanin girma. Gungun taurarinmu na Milky Way ya kwaikwaya da faɗinsa, tsarin taurari kusan biliyan 400. Ka zauna a Anaconda, jirgin da ya haura mita 150, ka miƙe daga kujera ka waiga ka ga faɗin ɗakin tuƙin, sannan a ce ka shigar da shi ta wata siririyar ƙofa a jikin tasha mai juyawa. Ka kalli hagu, allo ya buɗe da kansa. Ka kalli dama, wani ya buɗe. Shi ma yana da rabon wuta kashi uku, kuma kana iya kashe mai taimakon tuƙi jirgin ya riƙa sulu yadda dokar motsi ta tanada. Ranar da jirgin baƙin halittu na Thargoid ya fizgo ka daga tafiya, wutar jirginka ta ɗauke, sanyi ya fara kama gilashi, wani abu mai kama da fure ya taso a hankali yana leƙa ka, za ka manta cewa a ɗakinka kake. Abin takaici, da aka ƙara masa Odyssey a 2021, wanda ya ba da damar sauka a taka ƙasa, sai aka bar ɓangaren ƙafar a shimfiɗaɗɗen allo a cikin gilashin. No Man's Sky ya fi shi kyauta a nan, tun 2019 komai nasa yana aiki da VR, sai dai faɗansa na sama ba shi da nauyi.

To ina aka dosa? Ta fuskar na'ura, labari mai daɗi ne. Rift na farko ɗigo 1080 sau 1200 yake ba kowane ido, sai ka matsa da fuska kafin ka karanta rubutun allo, jirgin da ke nesa kuwa ɗan ƙura ne mai rawa. Quest 3 na 2023 yana ba da 2064 sau 2208, da siraran madubai masu kaifi har gefe. Wasan 2020 ɗin nan, idan ka jona shi da kwamfuta mai ƙarfi, ya fi yadda masu yin sa suka gan shi kyau. PlayStation VR2, shi ma na 2023, allonsa OLED ne, kuma ga wasan sararin samaniya wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin baƙi yana fita baƙi ƙirin, taurari su yi ƙyalli, maimakon toka-tokan da allon LCD ke bayarwa. Yana bin ƙwayar ido, yana zuba ƙarfin zane a inda kake kallo ya sassauta a gefe, ga kuma ɗan motsi da yake yi a kanka idan an buge ka. Kuɗin shiga ma ya sauko: Quest 3S ya fito a 2024 kan dala 299, rabin kuɗin Rift na farko.

Ga inda abin ke ci mini rai. Duk wannan kaya, babu Squadrons a kansa kai tsaye. PlayStation VR2 ba ya karɓar wasannin PlayStation VR na farko. Quest shi kaɗai ba ya ɗaukarsa, sai an jona da kwamfuta. Sai da Sony ta fitar da abin jona gilashinta da kwamfuta a 2024 kafin aka ga X-wing a wannan baƙin allo. Masu wasan intanet sun ragu, waɗanda suka rage kuma gwanaye ne da za su wanke sabon shiga kafin ya gane gabas, don haka gara ka fara da labarin da kuma Fleet Battles da kwamfuta. Lissafin kamfanoni ba ɓoyayye ba ne: masu gilashi kaɗan ne a cikin masu wasa, masu son jirgi kaɗan ne a cikin masu gilashi. Amma Squadrons da kansa ya nuna mafita. Ka yi wasan da zai yi aiki a talabijin da hannun gem, ka gina mazaunin matuƙi da gaske, sai gilashi ya shigo ba tare da an sake gini ba. A duk fannonin wasa babu inda ƙara VR ya fi sauƙi kamar nan.

Kayan haɗin wasan da nake mafarki duk suna nan a warwatse, mai haɗawa ake jira. VTOL VR, aikin ɗan ƙaramin kamfani, ya nuna cewa kana iya miƙa hannu ka ɗaga murfin maɓalli, ka murɗa, ka kunna inji da yatsunka. Star Trek: Bridge Crew na 2017 ya zaunar da mutum 4 a ɗakin tuƙi ɗaya, kyaftin da matuƙi da mai makamai da injiniya, suna kallon juna suna yi wa juna tsawa. Valkyrie ya ba mu saiti da kai, gilashin yau zai iya yin sa da ƙwayar ido. Ka haɗa waɗannan da tuƙin Squadrons da faɗin Elite. Kana gaba kana tuƙi, ƙaninka na baya a kan bindiga, ka waiga ka gan shi yana nuna maka wani abu da hannu ta taga. Star Citizen ya tara sama da dala miliyan 700 zuwa 2024, kuma tun farkon tafiyar aka yi wa masu gilashi alkawari, ga ɓangaren labarinsa, Squadron 42, mai ɗauke da Mark Hamill da Gary Oldman, ana ta jira. Idan da kuɗi ne matsalar, ai da an wuce wurin.

Kafin ranar ta zo, ga shawarata. Idan kana da kwamfutar da za ta iya, ka nemi gilashi ko na hannu ne. Hannun gem ya isa, amma idan Allah ya hore, ka ƙara da sanda da totur irin Thrustmaster T.16000M ko Logitech X52, domin idan hannunka na zahiri da na matuƙin suka motsa tare, sauran shakkar da ta rage a ƙwaƙwalwa tana gushewa. A 2020, da Microsoft Flight Simulator da Squadrons suka fito kusa da juna, sandunan nan sai da suka yi wuyar samu a kasuwa, bayan shekarun da aka yi ana cewa zamaninsu ya wuce. Squadrons kuma yana yawan faɗuwa warwas idan ana rangwame a Steam. Ka haddace maɓallanka kafin ka rufe ido, ka kawar da kofin shayi daga kan tebur, ka shiga filin gwaji da A-wing, ka kashe duk alamomin allo, ka kira TIE guda biyu su biyo ka.